Tsohon Babur da Sabon Mai Shi: Ina Iyakar Ikon Mutum a Kan Abin da Ya Saya?

A wata unguwa ta garin Gaya, wani matashin malamin kwaleji ya sayi tsohon babur daga hannun magada. Babur ɗin ƙirar Honda ne, samfurin C70 na farkon shekarun 1980, irin mai garkuwar roba a gaban ƙafafu, wanda a Najeriya ake yi wa laƙabi da roba-roba. Mai shi na farko malamin asibiti ne, wanda ya yi shekaru yana zagaya ƙauyukan Dandi da akwatin allurar rigakafi ɗaure a bayan sirdi, daga Tanda zuwa Tunuga, daga Bana zuwa Bengu, har ya yi ritaya, har Allah ya karɓi abinsa. Babur ya yi damina uku jingine a zaure, kaji na kwana a ƙarƙashinsa, kafin ƴaƴan marigayin su yanke shawarar rabuwa da shi. Aka yi ciniki, aka sallama, aka turo shi da hannu zuwa garejin wani dattijon bakanike, domin da aka taka shi ko tari bai yi ba.

Tun kafin a isa gareji, sabon mai shi ya riga ya cika shafi guda na littafinsa da abubuwan da yake so a yi. A sauke tsohon injin mai cc 72, a ɗora sabon injin China mai 110 ko 125, tunda mazauninsu kusan ɗaya ne. A cire garkuwar roba, domin a ganinsa ita ce take sa babur ya yi kama da na tsofaffi. A huda salansa don a riƙa jin tahowarsa tun daga nesa. A kankare shuɗin fentin da ya koɗe, a fesa baƙi mai sheƙi. A sake wayoyin wuta don fitila ta ƙara haske. A yanke wata mummunar kariya ta ƙarfen rodi da aka yi wa walda a bayan sirdi. A ƙasan shafin kuma ya rubuta cewa in abin ya yi kyau, zai hau shekara ɗaya ko biyu, ya sayar da riba.

Kawunsa, wanda ya yi zamani da marigayin, ya biyo shi garejin. Da aka karanta masa takardar sai ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, wannan babur shi ya kawo allurar da ka ke ɗauke da tabonta a dantse. In sabo ka ke so, ga su can jere a kasuwa. Don me za ka sayi tsoho ka kashe shi?" Matashin ya sunkuyar da kai ya ce: "Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Ai ba aro na yi ba, saya na yi." Shi kuwa bakaniken bai sa baki ba. Ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi da sifana, ya saurari amonsa, sannan ya ɗago ya ce: "Mushe, duk abin da ka rubuta ana iya yi. Amma nan wurin tsatsa ta ci shi. In na shafe shi da fenti, wa zai faɗa wa wanda za ka sayar wa?"

Wannan gajeriyar muhawara ta bakin gareji ta ƙunshi tambayar da masu tunani suka daɗe suna juyawa: shin biyan kuɗi yana bai wa mutum ikon yin duk abin da ya ga dama da abin da ya saya, ko kuwa akwai wani haƙƙi da ke biyo tsohon abu zuwa hannun sabon mai shi? In kuwa akwai, haƙƙin wane ne? Na abin ne shi kansa, na wanda ya ƙera shi, na wanda ya mutu ya bari, ko na wanda bai riga ya zo ba?

Hujjar matashin ba abar rainawa ba ce. Shari'a da al'ada duk sun yarda cewa ciniki yana fitar da abu daga mallakar wani zuwa ta wani. Ƙarfe ba ya jin zafi, ba ya jin kunya, ba shi da ran da za a zalunta. Wanda ya sayi doki ya bar shi da yunwa ya ɗauki alhaki, amma wanda ya sayi galma ya mayar da ita lauje babu wanda zai kai shi gaban alƙali. Bugu da ƙari, dattawa sukan yi saurin kiran sha'awar samari da sunan wauta, alhali su ma a zamaninsu sun ɗaura wa kekunansu madubai huɗu da tutocin roba, sun kuma rubuta wa motocinsu kirari a goshi. Ƙawata abin hawa tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya ga dokin hawan salla da jalala da dagumi ya san ba daga samarin yau aka fara ba.

Hujjar kawun kuma tana da magoya baya a nesa, ko da shi bai san da su ba. A Turai da Japan da Amurka akwai ƙungiyoyin masu tara tsofaffin babura, waɗanda a wurinsu darajar babur tana ga kasancewarsa yadda ya fito daga masana'anta, har ƙusa da launin fenti. Wannan samfurin kuwa yana cikin waɗanda suka fi girmamawa, kuma da dalili. A 1958 ne Soichiro Honda da abokin aikinsa Takeo Fujisawa suka fitar da babur na farko na wannan zuriya, mai suna Super Cub. Sun yi shi da injin da ba a gauraya masa fetur da baƙin mai, da kuloci mai kama kansa yadda mahayi zai iya sarrafa shi ba tare da matse hannun hagu ba, da sarƙa a rufe cikin akwati don kada ƙura ta cinye ta, da manyan ƙafafu masu inci 17 saboda hanyoyi marasa kwalta. Garkuwar robar da matashin ke jin kunyarta, an sa ta ne don kare tufafin mahayi daga taɓo da iska. A 2017 kamfanin ya sanar da cewa adadin da aka ƙera na wannan zuriya ya kai miliyan 100, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. Mai cewa a bar irin wannan abu yadda yake, yana kare wani tunani ne da aka zuba cikin ƙarfe.

Sai dai kuma mutumin Gaya yana da abin da zai gaya wa waɗancan ƙungiyoyi. A garin da ke da Malanbil a tsallaken kogin Isa, Kamba kuma a gabas, abin hawa ba ya tsufa a cikin ɗakin ajiya. A shekarar da aka fitar da Super Cub, wato 1958, a ita ce aka gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, shekara 12 kafin gadar Kennedy ta Yamai. Ta kanta kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka yi ta kwararowa arewa, har da motoci da babura na hannu da kayan gyaransu. Ta Kamba kuma fetur da kayan Najeriya suke shigowa. Da darajar sefa ta karye da rabi a watan Janairun 1994, kayan gyara na Japan suka yi tsadar da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ba, sai aka koma ga na Taiwan, daga baya na China da Indiya. Da aka rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har mutane suka koma tsallaka kogi da jiragen ruwa, bakanike ya sa abin da ya samu ne, ba abin da littafin kamfani ya ce ba. Saboda haka duk tsohon babur da ya kai shekara 40 yana numfashi a wannan yanki, jikinsa cike yake da tarihin kasuwa da na siyasa. Fistin daga wata ƙasa, kafireto daga wata, fulogi daga ta uku. Da an hana shi canji, da tuni ya zama murhu ko abin ɗaure akuya.

Da aka buɗe injin babur ɗin marigayin, haka aka tarar. An taɓa faɗaɗa silinda, an sauya fistin ba sau ɗaya ba, ƙafar baya ba tasa ba ce, fitilar gaba ta wani babur ce daban. Abin da kawu yake kira babur ɗin marigayi, rabinsa ba shi ne wanda marigayin ya saya ba.

A nan ne maganar ta haɗu da wata tsohuwar matsala ta falsafa. Marubucin Girka Plutarque, wanda ya rayu a ƙarni na farko zuwa na biyu na Miladiyya, ya ba da labarin jirgin ruwan wani gwarzo mai suna Thésée, wanda mutanen Atina suka adana shekaru aru-aru. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu: wasu na cewa jirgin nan dai shi ne, wasu na cewa ba shi ba ne. A 1655 masanin Ingila Thomas Hobbes ya ƙara wa matsalar gishiri: a ce wani ya riƙa tsince tsofaffin katakan da ake zubarwa, ya harhaɗa su ya tayar da jirgi na biyu, to wanne ne na Thésée? Ɗaliban ajin ƙarshe na lise sukan ɗauki wannan a matsayin wasan ƙwaƙwalwa na Turawa. Amma Sarkawan bakin kogi haka suke yi da jiragensu, katako bayan katako, kuma ba su fasa cewa jirgin ubansu ne ba. A bayan kowane gareji kuma akwai tsibin tsofaffin ƙarafa da yaran bakanike suke tsinta daga ciki su tayar da babur sukutum. Jirgin Hobbes na biyu yana yawo a titunan Gaya yana kabu-kabu.

Hukuma ta yanke wa kanta wannan gardama da gajeriyar hanya. A wurin jami'in duwan da jandarma, babur shi ne lambar da aka buga a jikin ƙashin bayansa, wadda aka rubuta a takardar mallaka. A sauya fenti, a sauya sirdi, a sauya taya, muddin lambar tana nan babur yana nan. Amsa ce mai amfani ga haraji da kamun ɓarawo, musamman a garin iyaka inda abin da aka sace da asuba a wata ƙasa yana iya yin azahar a wata. Amma ba ta kashe ƙishin mai tambaya, domin ba wanda ya taɓa ƙaunar babur saboda lambarsa.

Amsar da ta fi zurfi tana ga maginan ƙasa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, an fara gina ta a farkon ƙarni na 16, aka sake tayar da ita a 1844, aka sa birnin cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Itatuwan da suka turo kai daga jikinta, ban da riƙe gini, su ne matakalar masu yaɓe. Ma'ana, tun ranar da aka gina ta aka tanadar wa gyara hanya. Ƙasar da ke fuskarta yau ba ita ce ta zamanin da aka fara ta ba, amma babu Ba'agadashen da zai yarda a ce masa hasumiyar sabuwa ce. Abin da ya sa ta zama ita, shi ne hannuwan da suka riƙa miƙa ta daga wani zuwa wani ba tare da yankewa ba, kowa ya san abin da ya tarar, ya san abin da ya ƙara. Waɗanda suka kalli fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Jean Rouch ya yi tare da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia, za su tuna yadda aka wargaza ƴar ƙaramar motar nan don a tsallakar da ita kogi, aka sake haɗa ta a ɗaya gaɓar, ta ci gaba da tafiya da sunanta.

In haka ne, canji shi kansa ba laifi ba ne, kuma kawu bai yi daidai ba da ya kira shi kisa. Amma wannan bai wanke takardar matashin gaba ɗaya ba. Abubuwan da ya jera ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ma'aunin da za a auna su da shi ɗaya ne: wa zai biya kuɗin wannan canji, kuma ya san zai biya?

Sake wayoyin wuta don fitila ta yi haske, babu mai asara a ciki. Mai tafiya a ƙasa da dare ma riba ya ci. Launin fenti kuma tsakanin mutum ne da idonsa. Cire garkuwa, wandon mai shi ne zai sha taɓo a damina, a yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. In ya yarda, ruwansa.

Maganar inji daban ce, kuma ita ce samari suka fi yi wa kallon abin wasa. Waɗanda suka ƙera wannan babur sun auna birkinsa da gaɓoɓin ƙafar gabansa da kaurin ƙarfensa daidai da ƙarfin ƙaramin injinsa. Birkin ganga ne ƙarami, wanda aka yi don gudun da bai wuce na shiga gari da hanyar ƙauye ba. Malaman kimiyya sun san ƙa'idar da suke koya wa ɗalibai: tazarar da abin hawa ke buƙata kafin ya tsaya ba ta ƙaruwa daidai da gudu, tana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Wanda ya tashi daga kilomita 60 a awa zuwa 90 ya ƙara rabi ne a gudunsa, amma tazarar tsayawarsa ta ninka sau biyu da kwata. Wannan ƙarin tazara ba a cikin gidan mai babur take ba. Tana kan titi ne, inda ƴar talla take tsallakawa da tire a ka, inda amalanken jaki yake fitowa daga lungu. Haka kuma wanda aka goya a baya bai karanta takardar gyara ba, ya dai hau ne bisa amana. Mutum yana da ikon sayen inji da kuɗinsa, amma ba shi da ikon sayen kasadar da wani zai ɗauka. Wanda ya ƙara ƙarfi bai ƙara birki ba, ya yi gyaran gangar Abzinawa, kuma ba a kansa kaɗai za ta fashe ba.

Huda salansa ƙaramin misali ne na wannan babbar magana. Jin daɗin na mutum ɗaya ne, ƙarar kuwa ta unguwa ce: mai jego, majinyaci, mai sallar dare, ajin da ake karatu a ciki tagoginsa a buɗe. Abin mamaki ne a ce malamin da ke tsawata wa ɗalibai kan surutu shi ne zai biya kuɗi a yi masa abin damun mutane.

Saura tambayar bakanike, wadda ita ce mafi nauyi duk da cewa da murya ƙasa-ƙasa aka yi ta. Jikin wannan babur ba bututu ba ne zalla. Bayansa fallen ƙarfe ne da aka matse aka haɗa, kuma a nan ruwa da laka suke taruwa su haifar da tsatsa. Gyaran gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin, a sa sabon ƙarfe, a yi walda mai kyau. Gyaran kasuwa kuwa shi ne a cike ramin da ƙullun masu gyaran jikin mota, a goge, a fesa fenti. A ido duka biyun ɗaya ne, na biyun ma ya fi santsi, ya kuma fi araha. Bambancinsu ba ya bayyana sai ranar da aka faɗa rami da kaya a baya. Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma gaskiya ne cewa mai sayen abin hannu ya san ba sabo ya saya ba. Amma karin maganar tana aiki ne idan an bar ramukan rariyar a fili. Wanda ya liƙe su da ƙullu ya sayar da ita a matsayin ƙwarya, ya fita daga inuwar wannan magana.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tsayawa a kan wannan gaɓa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 10 kuma har yau ake karanta shi a zaurukan malamai daga Sakkwato zuwa Doso, ya hana algus da yaudara da ɓoye aibi a ciniki, ya kuma bai wa mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka rufe masa. Tushen hukuncin sananne ne: hadisin da Muslim ya ruwaito na mai sayar da abinci wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibinsa ya taɓo danshi a ƙasa, ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani. Abin lura a nan shi ne ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen abinci ba. An hana shi ɓoyewa ne. Abin sha'awa kuma, masana gyaran gine-ginen tarihi da suka taru a birnin Venise a 1964 sun isa kusa da wannan matsayi ta wata hanya dabam: yarjejeniyarsu ta nemi duk abin da aka ƙara wa tsohon gini ya dace da shi, amma ya zama ana iya bambanta shi da na asali, don kada gyara ya zama shaidar zur.

Ke nan asalin tsohon abu ba a cikin ƙarfensa kaɗai yake zaune ba. Babban rabonsa yana cikin labarin gaskiya da ke tafiya tare da shi. Babur da aka sauya wa inji aka faɗa, ya fi kusa da asalinsa a kan wanda aka bar wa injinsa aka mayar da agogon kilomitarsa baya. Dillalan babura sun san wannan sarai, shi ya sa mai saye mai wayo yakan fi tambayar "wa ya hau shi?" a kan "wace shekara aka yi shi?" A kasuwar da babu takardar tarihin gyara, bakin mai sayarwa da na bakanike su ne takardar. Bakaniken da ya yarda ya shafe tsatsa da fenti ya sa hannu a takardar ƙarya, ko da bai furta kalma ɗaya ba, kuma a ƙaramin gari irin Gaya, wanda za a sayar wa ɗin ba zai rasa zama ɗan wani da ake gaisawa da shi a masallaci ba.

To, kawu fa? Shin ba shi da komai a hannunsa sai ƙaunar abin da ya wuce? Da aka zo kan maganar kariyar nan ta ƙarfen rodi, sai aka ga abin da yake karewa. Ya dafa ta ya ce a yanke komai amma a bar wannan, domin a kanta ake ɗaure akwatin allura. Alhali kuwa ita ce abu ɗaya a jikin babur ɗin da babu shakka kamfanin Honda bai san da ita ba. Marigayin ne ya kai wa mai walda ya yi masa ita daidai da faɗin akwatinsa. Mai tara babura na Turai ita zai fara yankewa. Wato abin da dattijon ke kira asali, shi ma canji ne da wani ya yi a zamaninsa, wanda amfani da daɗewa suka mayar da shi gado. Faransawa sun shiga irin wannan hali: dogon tsinin majami'ar Notre-Dame ta Paris da ya ƙone ranar 15 ga Afrilun 2019, wanda suka dage sai an mayar da shi yadda yake, ba na maginan farko ba ne. Viollet-le-Duc ne ya ɗora shi a tsakiyar ƙarni na 19, a zamanin da irin su John Ruskin na Ingila suke ganin irin wannan gyara a matsayin ɓarna.

Wannan haƙƙi na kawu ba irin wanda alƙali ke karɓar wa mutum ba ne. Ba wanda zai ce matashin ya yi zunubi in ya yanke kariya. Yana cikin babin kunya da kara da sanin ya kamata, waɗanda Bahaushe ke auna mutum da su a inda doka ta yi shiru. Garuruwa irin Gaya ba su da gidan ajiye kayan tarihin ƙananan ma'aikata. Ba a gina wa malamin allura hasumiya, ba a raɗa wa titi sunansa. Abin da ya rage na shaidar cewa wani ya taɓa ratsa fadamun Dallol Mauri da Foga da damina don kada ƙyanda ta kwashe ƴaƴan mutane, wata ƴar kariya ce mai karkatacciyar walda. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu sukan nemi gado a cikin kalangu da tatsuniya da kayan sarauta, su wuce keken ɗinki da injin niƙa da tsohon babur, kamar dai tarihi ya tsaya ne ranar da ƙarfe ya shigo ƙasar.

Duk da haka ba za a ɗora wa matashi mai ƙaramin albashi nauyin zama gidan tarihi shi kaɗai ba. Ya sayi babur ne don ya kai shi makaranta, kuma babur da ba a hawa mutuwa yake yi, kamar yadda damina ukun nan na zaure suka nuna. In da mai son a adana shi yadda yake ƙwarai da gaske, hanya a buɗe take ya saya ya adana. Kawu bai taya ba ranar da magada suka fitar da shi.

Aikin ya ɗauki kusan wata biyu, saboda jiran kaya da jiran albashi. Aka yanke wurin da tsatsa ta ci, aka sa sabon ƙarfe, matashin ya ce a bar layin waldar a fili ta ciki, yadda duk wanda ya ɗaga sirdi zai gani. Aka sake wayoyin wuta. Aka fesa baƙin fentin da yake so, kawu ya kalla ya yi tsaki bai ce komai ba. Garkuwa an cire ta, amma da ruwan farko ya sauka ya isa aji da wando jiƙe har gwiwa, ɗalibai na ƙunshe dariya, sai aka ga ta dawo. Salansa ba a huda ba. Kariya tana nan, yanzu kwafin ɗalibai ake ɗaurewa a kanta.

Maganar inji ce ba a gama ba. Bakaniken ya tayar da tsohon, yana aiki, amma yana shan mai yana hayaƙi a hawan tudu, kuma sabon na China yana nan a shagon maƙwabci cikin kwalinsa, farashinsa bai kai na gyaran tsohon yadda ya kamata ba. Dattijon ya ce in dai za a ɗora shi, to sai an sake ƙafar gaba da birkinta tukuna, kuma tsohon injin ba za a sayar wa ƴan gwangwan ba, za a zuba masa mai a naɗe shi a buhu, ya bi babur duk inda ya je. Matashin ya ce zai yi shawara zuwa ƙarshen wata.